Yadda ake tara irin gadagi daga daji a jihar Tawa ba tare da an taƙaita jininsa ba

Tun da kaka ta gabato tambayar nan take ta dawo mini, daga ƙungiyoyin gyaran ƙasa na wajen Illela da Kaita, da masu kiwon turke a cikin garin Tawa: mun haƙa rabin wata (ramukan da ake yi da siffar jinjirin wata don tare ruwan sama a fako), muna son mu watsa gadagi, ina za mu samu iri, kuma yaya ake tara shi? Amsar da aka saba bayarwa ita ce a aiki yara su ciko buhu. Buhu zai cika, amma cikar buhu ba ita ce samun iri ba. Gadagin daji ba jini ɗaya ba ne. A fili guda akwai mai saurin fure da mai jinkiri, akwai mai miƙewa da mai yaɗo, kuma na jigawar Abalak ya sha bamban da na fadamar Majiya ko da ido bai nuna ba. Wanda ya ɗebo daga gindi biyar a kwari ɗaya ya ɗebo ƴan ɗaki ɗaya ne, kuma shekarar da ta ƙi ɗayansu ta ƙi su duka. Ga yadda nake yin aikin, daki-daki.

1. Tabbatar da ciyawar tun tana ɗanya

Kada ka bari sai ciyawa ta bushe ka fara nema. Fita a watan Agusta, lokacin da take fure. Gadagi, wanda masana ke kira Alysicarpus ovalifolius, ciyawar damina ɗaya ce daga dangin wake. Ganyenta ɗai-ɗai ne, mai ɗan faɗi kamar ƙwai, ba uku-uku irin na wake ba. Furen ƙarami ne, kwanson kuma siriri, mai gaɓoɓi, kowace gaɓa da ƙwaya ɗaya a ciki. Tana son ƙasa mai yashi, shi ya sa ake yawan ganinta a gonakin hatsi da tsofaffin saurori.

Hattara: marak ma dangin wake ce, kuma sukan fito wuri ɗaya. Ita ganyenta biyu-biyu ne, furenta rawaya, kwansonta yana da ƴan ƙayoyi masu maƙalewa a tufa. Ciyawa ce mai kyau, sai dai makiyaya sun san tana kumbura cikin shanu idan suka cika tumbi da ita ɗanya a farkon damina. In kana sonta, tara ta a buhunta dabam.

2. Zaɓen wurare

Nan ne rabin aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin ha'inci, saboda tafiya tana cin kuɗi.

Fara da duba wurin da za ka shuka. Fako ne da aka fasa? Jigawa ce? Ruwa nawa yake samu? Jihar Tawa doguwa ce daga kudu zuwa arewa. Wajen Ƙonni da Madawa damina ta fi tsawo da nauyi, Tawa tana tsakiya, in ka nufi Abalak da Cintabaradan kuma sai ruwa ya ragu, damina ta gajarce. Ciyawar da ta yi shekaru aru-aru a arewa, wadda ta saura a cikinta ita ce mai gaggawar zuba ƴaƴa kafin ruwa ya ɗauke. Ta kudu ba ta da wannan tilas ɗin, tana iya ɓata lokaci tana tara ganye. Kai irin kudu arewa, sai ya yi maka kore shar a Agusta, ranka ya yi fari, ruwa ya ɗauke yana tsakiyar fure, baɗi fili ya koma yadda yake.

Saboda haka mafi yawan irinka, kamar kashi biyu cikin uku, ya fito daga wuraren da ƙasarsu da ruwansu suka yi kama da naka. Sauran ka nemo daga wurin da ya ɗan fi naka fari. Ni ban cika ɗauko daga wurin da ya fi nawa ruwa ba, sai in don gwaji.

Nemi wuri biyar aƙalla. Filaye biyu da ke kallon juna, dabba ɗaya tana kiwo a cikinsu da safe da yamma, wuri ɗaya ne a lissafin nan, domin iri yana yawo a kashin dabbobi da ruwan da ke gangarowa. A samu tazarar kilomita da dama, ko kuma bambancin ƙasa a fili: ɗaya jigawa, ɗaya gefen dutse, ɗaya bakin fadama, ɗaya saura, ɗaya gefen burtali.

Tambayi masu kiwo da matan da ke yankan gadagi suna kai wa kasuwa. Sun fi kowace taswira sanin inda yake fita ko a shekarar fari, kuma wannan wurin shi ne na farko a jerinka.

Hattara: kauce wa filin da wani aiki ya taɓa watsa iri a cikinsa. A Adar, yankin su Tawa da Kaita, irin waɗannan filaye suna da yawa, tun aikin gyaran ƙasa na Kaita da aka fara a 1984. Abin da ke fitowa a can mai yiwuwa daga buhu ɗaya ya samo asali, ka ga ka sake kwafar ƙuncin wani.

3. Neman izini

Gadagin da ke cikin gona na mai gona ne, kuma kuɗi ne, tunda masu dawaki da masu turken raguna suna sayensa dami-dami. Gai da mai gari, ka nemi mai gona, ka faɗa masa ƴaƴa kake so, ganye nasa ne. In makiyaya ce ta kowa da kowa, ka bi ta wurin kwamitin kula da filaye, Kofo, da ma'aikatan kiwo ko na gandun daji na karamar hukumar. Dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta sa ƙa'ida a kan kwasar ciyawa a wuraren kiwo, kuma baƙon da aka gani da buhu a daji ba a tambayarsa ko iri yake tarawa sai bayan an tara masa jama'a.

4. Kayan aiki da abin da za a kashe

Ba kaya masu tsada ba ne. Jakunkunan takarda ko na atamfa, ɗaya ga kowane wuri a kowace fita, da ƙananan ambulan in za ka ware uwa-uwa. Takardar buhun siminti da aka kakkaɓe sosai tana yin wannan aiki kyauta. Sai littafi da fensir, domin rubutun biro yana gogewa in ya sha zufa da rana. Sai salula mai nuna wuri, faifai, rariya, tabarma, turmi, takardar goge katako, da bidon mai murfi ko buhun PICS mai leda biyu a ciki.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne mai da ladan masu tsinka. Daga Tawa zuwa Ƙonni ko Abalak kowanne ya haura kilomita 100, kuma kowane wuri sau biyu ko uku za a je shi. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka samu amintaccen mutum a kowane ƙauye, ka nuna masa aikin sau ɗaya, ya riƙa yi, kai ka zo karɓa.

Hattara: kada ka biya masu tsinka da tiya. Duk wanda aka ce ladansa a kan yawan abin da ya kawo, zai nemi inda ciyawa ta fi cunkoso ya zauna a wurin har yamma, kuma ba laifinsa ba ne. Biya da yini.

5. Lokacin tsinka

Daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba, gwargwadon yadda damina ta kasance. Kwanso ya nuna idan ya bar kore ya koma ruwan ƙasa, in ka murza shi gaɓoɓin su rabu, ƙwayar kuma ta ƙi farce. Ɗanyen kwanso ba ya ƙarasa nuna a buhu, yanƙwanewa yake yi.

Je sau biyu, in da hali sau uku, da tazarar kwana goma zuwa sati biyu. Fita ɗaya tana kamo masu nuna a wannan satin kaɗai. In ka je da wuri ka tara masu gaggawa, in ka makara ka tarar sun zube sai masu jinkiri. Kai kuwa duka biyu kake so, don ba ka san wace irin damina ke jiran filinka ba. Da hantsi ya fi, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta sa kwanso ya riƙa karyewa yana zuba da an taɓa shi.

6. Gindi nawa, kuma wanne

Manomi ya riga ya san tushen wannan magana ko bai karanta ba. Hatsi yana barbara da na gonar maƙwabci, iska ke kai garin fure, shi ya sa shibra ke kutsowa, kuma zangarniya ɗaya takan ƙunshi ƴaƴan uba da yawa. Wake da gyaɗa kuwa galibi kowane fure kansa yake yi wa barbara, ƴaƴan gindi ɗaya kusan kwafin uwarsu ne. Ga shuka irin ta farko, yawancin bambancin yana cikin fili ɗaya. Ga irin ta biyu, kowane fili yakan zama gida-gida, bambanci mai yawa kuma yana tsakanin wannan wuri da wancan. Da gadagi, yi lissafi irin na wake: wurare da yawa, gindi da yawa a kowane wuri, ƙwaya kaɗan daga kowane gindi.

Ga lissafin da ya sa nake cewa gindi sittin a kowane wuri. A ce akwai wani hali mai amfani, misali jure tsayawar ruwa na sati uku, kuma gindi ɗaya cikin ashirin ne ke ɗauke da shi. In ka tsinka daga gindi 10, damar ka dace da shi kashi 40 ce cikin ɗari. Daga gindi 30, ta kusa kashi 80. Daga gindi 60, kashi 95. Ƙwaya dubu daga gindi ɗaya ba ta ƙara maka komai a wannan lissafi, gindi ɗaya ne dai. Saboda haka gindi 60 a kowane wuri. In wurin bai kai haka ba, ɗauki kaɗan daga duk wanda ka samu, ka rubuta adadin.

Yadda ake tafiya: tsaya a gefen fili, ka ratsa shi a karkace, ka juyo ta wata kusurwa, har ka gama da shi duka, tudu da gangare, inuwar gawo da tsakiyar rana. Bayan kowane taku goma ka tsuguna, gindin da ya fi kusa da ƙafarka shi za ka tsinka. Na kusa da shi bar shi, ƙila ɗan uwansa ne, uwa ɗaya ta zubar da su bara.

Daga kowane gindi ɗauki adadi ɗaya, misali kwanso goma. Mai ƴaƴa da yawa goma, mai kaɗan ma goma ko abin da ya sawwaƙa.

Hattara ta farko: ido yana son babba. Hannu da kansa yake kaiwa ga gindin da ya fi tsawo da ganye. Sau da yawa girman nan ba na jini ba ne, saniya ce ta yi kashi a wurin, ko tsohon gidan gara ne. Ƙanƙanin da ya daure ya yi ƴaƴa a kan tsakuwa mai yiwuwa shi ne zai rayu a fakon da za ka shuka. Dokar taku goma ita ce maganin son zuciyar ido.

Hattara ta biyu: kada ka kwashe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na ƴaƴan da suka nuna a ranar. Gadagi ba shi da saiwar da za ta sake toho, abin da ya zuba ƙasa shi ne ciyawar baɗi. Kuma kada a tuge gindi. Masu tuge shi da saiwa tun bai zuba ƴaƴa ba su ne suka sa ya yi wuya a kewayen garuruwa da yawa.

Hattara ta uku: shara daga ƙasa ba tsinka ba ce. Tana zuwa da ƙarangiya, da tsaida, da ciyawar da ake kira hatsin Makka. Wannan na ƙarshe in ya shiga makiyaya kowa ya san yadda yake cinye ta, dabba kuma ba ta damu da shi ba. Kada ka kai shi filinka da hannunka.

7. Rubutu a wurin, ba a gida ba

Kafin ka bar fili rubuta takarda biyu, ɗaya cikin jaka, ɗaya a ɗaure a baki: sunan ƙauye da sunan da mutanen wurin ke kiran filin, kwanan wata, irin ƙasa, gindi nawa, da lambobin wuri daga salula. Ƙara abin da mutane suka gaya maka, kamar "nan ne ke fara fita" ko "dabbobi sun fi son na nan". Na taɓa dawowa da jaka bakwai ina cewa ai na san kowace. Bayan sati biyu, jaka uku kaɗai na iya rantsuwa a kansu.

8. Shanya, sussuka, ajiya

Leda ba ta shiga wannan mataki sai iri ya bushe sarai. Kwanson da aka ƙulle a leda ya kwana a cikin mota, da safe za ka tarar ya yi gumi, bayan kwana uku ya yi furfura. Shimfiɗa kowane wuri a tabarmarsa, a inuwa mai iska, sati ɗaya zuwa biyu, kana juyawa. Ba a kan kwano ba, ba a tsakar rana ba. Kaji da tururuwa kuma ba sa jiran gayyata.

In ya bushe, zuba a turmi ka daka sama-sama, kamar mai surfe da tausayi, don gaɓoɓin su fashe ƙwaya ta fito, sannan a sheƙe a tankaɗe. Share turmi da faifai tas kafin ka zuba na wani wuri.

Gwada bushewa da gishiri: busasshen gishiri cokali ɗaya da iri kaɗan a busasshiyar kwalba, ka girgiza ka ajiye ɗan lokaci. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran laima, a koma shanya. Masu ajiyar iri suna da ƙa'idar cewa duk ragin laima kashi ɗaya cikin ɗari, ko ragin zafi digiri 5, yana kusan ninka tsawon ran iri. Ke nan ɗakin ƙasa mai sanyi ya fi ɗakin kwano. Cika bidon har wuya ka toshe, ƙwaron da ya shigo da iri zai mutu don rashin iska, kamar yadda ake yi wa wake.

Kowane wuri da mazubinsa. Haɗawa tana da lokacinta, kuma abin da aka haɗa ba ya rabuwa. Ware kamar cikin hannu biyu daga kowane wuri ka ɓoye, kada ka shuka shi bana ko me ya faru. In ka tara daga wurin da ciyawar ke ƙarewa, ka yi magana da masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, ko jami'ar Tawa, ko rumbun iri na ICRISAT, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, da ke Sadore kusa da Yamai, inda ake ajiya a ɗakin sanyi.

9. Gwajin tsiro da farkar da iri

Wata ɗaya kafin damina ƙirga ƙwaya 100 daga kowane wuri, ka jera a jiƙaƙƙen tsumma ko yashi, ka riƙa yayyafa ruwa kwana goma zuwa sha huɗu. Za ka ga kashi uku: masu tsiro, masu ruɓewa, da waɗanda suka zauna ƙyam kamar tsakuwa. Na ukun nan ba matattu ba ne. Fatarsu ce ba ta shan ruwa, haka yawancin dangin wake na daji suke, kuma dabara ce: in ruwan farko ya yaudari ƴan uwansu suka tsiro suka ƙone, su suna nan.

In masu tauri sun yi yawa, goga iri tsakanin takardar goge katako biyu har ƙyallin fata ya dusashe, ka sake gwadawa. Ruwan zafi ma yana yi, amma fara da ɗan kaɗan, don in ya wuce kima dafa iri ka yi.

Hattara: rabi kawai za ka goge. Sauran rabin ya shiga ƙasa da taurinsa. Wanda ya goge duka ya zuba dukiyarsa a kan ruwa ɗaya.

10. Fegin gwaji

Wannan mataki ana iya tsallake shi, amma shi kaɗai ke raba bambancin jini da na ƙasa. Samu ɗan fili mai shinge wanda ƙasarsa ɗaya ce. Kowane wuri ka ba shi layi na mita biyar, ka maimaita sau uku kana sauya jeri, don kada wani ya ci gajiyar gefe mai taki. Shuka rana ɗaya, kula ɗaya. Rubuta ranar fure na farko, ranar da rabin layi ya yi fure, miƙewa ko yaɗo, yawan ganye, da wanda ya fara yaushi in ruwa ya tsaya. Bambancin da ya biyo iri har nan, a layi ukun duka, na gado ne. Wanda ya ɓace, ƙasar can ce ta yi shi.

Duba cikin layi ɗaya ma. In duk sun yi fure a sati guda, tsawo ɗaya, wurin nan jininsa ƙunci ne ko kuma masu tsinka sun zauna wuri ɗaya. In sun bazu, wasu yau wasu bayan sati biyu, ka samu wuri mai albarka.

Kada damina ɗaya ta sa ka yanke hukunci ka zubar da saura. Wanda ya yi fice a shekarar ruwa ba lalle shi ne na shekarar fari ba.

11. Haɗawa da shuka

Sai ranar shuka ake haɗawa, da awo, bisa rabon da aka yi a mataki na 2. Cuɗa irin da busasshen yashi don ya watsu daidai, ka haɗa da ciyayi irin su kyasuwa da burburwa, tunda makiyaya ba ta tsayuwa da ciyawa ɗaya. Rabin wata mai faɗin mita 4 akan samu 313 a hekta ɗaya, sai ka raba irinka da wannan adadi tun a gida, kada na farko su ƙoshi na ƙarshe su tashi a banza.

Jira ruwa mai jiƙa ƙasa sosai, kamar milimita 20. Watsa a cikin rabin wata da gindin kunyarsa, ban da tsakiyar ramin inda ruwa ke kwanciya, ka ja reshen ƙaya a kai. Ƙwayar ƙanƙanuwa ce, in ta nutse fiye da santimita ɗaya da wuya ta fito. Ba ta bukatar takin yuriya. Bayan sati biyar ko shida tona gindi ɗaya ka duba saiwa: in akwai ƴan ƙulluttai, ka fasa ka ga cikinsu ja-ja, tana haɗa abincinta daga iska. Abin da ƙasarmu ta fi rashi shi ne fosfat, kuma ɗan takin dabbobi a ramin yana taimako.

Hattara: filin da ba mai gadi, akuya aka yi wa shuka. A yi yarjejeniya da gari da makiyaya tun kafin a haƙa rami, a hana kiwo da yanka har ƴaƴa su zuba, damina biyu a jere. Ladan mai gadi ka sa shi a lissafi tun farko, yakan fi kuɗin irin kansa.

12. Shekara ta biyu

Akwai kwaɗayin a riƙa ɗebo iri daga sabon filin ana kai wa na gaba, daga na gaba zuwa na gaba da shi. Ana iya yi sau ɗaya, da dokar taku goma da gindi sittin. Amma kowane zagaye yana zubar da wasu gidaje ba tare da ka lura ba, musamman masu jinkirin nuna da masu taurin fata. Duk shekara biyu ko uku ka koma wuraren asali da littafinka, ka ƙaro sabon tsinka kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da za ka shuka. In ka tarar an nome ɗaya daga cikinsu ko gari ya cinye shi, ciro abin da ka ɓoye a mataki na 8, ka shuka shi shi kaɗai a fegi mai shinge, ka tara ƴaƴansa gindi-gindi, ka mayar da sabo cikin bidon da sunan wurin a jiki.